Ƙofar Gwaggo Mero

Kankara,
14 ga Maris, 1976.

Zuwa ga Yayata Suwaibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Malam Almu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da hayaniyar Ikko. Mu nan lafiya lau. Na je gida Yargoje makon jiya, ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa, Inna kuma ta ce in tambaye ki ko man zafin nan da kika aiko yana da ɗan'uwa. Littattafai ukun da kika ba direba sun iso, na karance su cikin kwana huɗu, na kuma koma na farkon.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro ba zan iya faɗa wa Inna ba, don dariya za ta yi mini. Kin san maigidan ya bar aikin kantin Kaduna ya dawo gida zai buɗe nasa a bakin kasuwa, na kayan ɗaki da atamfa. Tun ina amarya ya yi mini alkawarin sunana zai sa a allon kantin. Ni kuwa tun ranar na gama gina shi a kaina: gilashi a gaba, kanta mai sheƙi, labule shuɗi, irin kantin da masoya ke haɗuwa a ciki a littafi. To shi abin da ya koyo a Kaduna shi ne wai ba a kafa ko katako ɗaya sai an san yadda masu saye suke rayuwa. Tunda ba ya shiga gidajen mutane, sai ya ce ni in tambayar masa mata.

Na yi murna ƙwarai. Ranar sunan gidan Alhaji Gide na tafi da takarda da hotunan da na yanko daga mujalla, na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu kofunan tangaran masu ɗan hannu, ina tambaya ko ba sa son irin wannan. Kowacce ta ce wallahi ya yi kyau. Na rubuta sunaye ashirin da bakwai da rubutuna mai kyau. Ya sayo kofunan ya aika da su gida-gida a gani, suka dawo cif, ko ɗaya ba a riƙe ba.

Daga nan ne Gwaggo Mero ta shigo maganar. Ƙanwar babansa ce, dillaliya, wadda ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Da ta ji labari sai ta ce ai matar mai kanti ce ta tambaye su a gaban jama'a, da takarda a hannu, me za su ce? Ta ɗauki kwando ta zuba langa da fanteka da kumbo, ta shiga mota. Sati uku tana yawo, Mabai, Faskari, har Sabuwa da mugunyar hanyar nan. Kuma ba ta tambayar kowa komai. Zama take a sha fura, ta ajiye kwandon gefe kamar ta manta da shi, tana kallo ta wutsiyar ido.

Ki ji abin da ta dawo da shi. Ta ce matan Mabai ba sa sayen kwano sai sun kife shi sun ƙwanƙwasa da farce sun ji ƙararsa, saboda haka kayan da aka jera a bayan kanta, inda hannu ba ya kai, ado ne kawai. Ta ce na Faskari ido suke ɗagawa su dubi jerensu na bango kafin su taɓa komai, don abin da zai dace da wanda suke da shi suke nema. Ta ce matan Maguzawa na wajen Sabuwa da kaya a kafaɗa suke isowa kasuwa, duk inda ba wurin sauke kaya da randar ruwa wucewa za su yi. Sannan ta ce ba macen kirki da za ta tsaya zaɓen kayan ɗakin ɗiyarta a bayan gilashi, mazan da ke zaune a bakin titi suna ƙirga mata abin da ta ɗauka. Maigidan ya fasa sayen gilashin. Ya sa magina sun huda ƙofa ta baya, ta lungu, an shimfiɗa tabarmi, an jera kaya ƙasa-ƙasa.

Yanzu kullum bayan la'asar suna zaure shi da ita, tana magana yana rubutawa. Ina jiyo dariyarsa daga tsakar gida. Da, wannan lokacin nawa ne, ina karanta masa labari yana gyangyaɗi yana cewa ai yana ji. Na kai musu ruwa shekaranjiya, ta dube ni ta ce amarya mai takarda, yaya mutanen cikin littafi, su ma suna cin tuwo? Na yi murmushi na koma ɗaki, na daɗe ban fito ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni ma da kika aiko mini da fanteka bara, sai da na kife ta na ƙwanƙwasa. Shekara nawa ina yi, ban taɓa lura ba, ita kuwa zama ɗaya ta gani.

Ba a ma buɗe kantin ba, amma matan da ke shigowa gidanmu ba abin da suke kiransa sai ƙofar Gwaggo Mero. Har a Faskari wai haka ake faɗa. Jiya maigidan ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce Maharazu mai fenti zai zo daga Funtuwa ranar Alhamis, kuma shi a ƙa'idarsa sunan da mutane suka riga suka sa shi ya kamata a bi, amma alkawari alkawari ne, ni zan zaɓa. Yaya, na san abin da yarinyar kirki ta cikin littafi za ta ce. Na buɗe baki in faɗe shi, sai na ji na ce a rubuta Ramatu, da jan fenti, manyan baƙaƙe. Ya ce to.

Sai da ya fita na zauna na yi tunani. Allon a ƙofar gaba za a kafa shi, matan kuwa ta baya za su shiga, kuma a cikinsu da wuya a sami mai karatun boko. Gwaggo ma da aka gaya mata, cewa ta yi a rubuta ko sunan Fir'auna ne, ita dai kada a manta da randa. Ni da zan iya karantawa, ba na zuwa bakin kasuwa.

Saboda haka ga roƙona. In kun zo da Babbar Salla, ki sa direba ya tsaya a gaban kantin kafin ku ƙaraso gida. Ki karanta allon da ƙarfi, yadda na kusa za su ji, sannan ki zo ki faɗa mini yadda ya yi.

Ki gaishe da Malam Almu da kyau, da Khadijatu, da Mani mai ƙiriniya. Inna da Baba suna sa muku albarka. Gwaggo Mero ma ta ce in gaishe ki, wai in tambaye ki wace irin langa matan Agege suke so. Na dai isar da saƙo.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Ramatu.