Wanda Ya Koya Mini Aiki Ne Ya Ɓata Mini Aiki

Bodil, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a birnin Aarhus da ke rubuta manhajar sayar da tikitin jiragen fito. Shekara goma sha shida, abokin aikina Preben ne ke sakin duk sabon gyaran manhajar da hannunsa. Shi ya koya mini aiki, shi ya tsaya mini lokacin da ban san komai ba. Bara aka sa ni na gina tsarin da zai haɗa gyara, ya gwada, ya saki da kansa. Ran da muka kunna shi har kek Preben ya kawo.

Talatar da ta wuce gyara biyu suka fita lokaci guda, suka tattake juna. Awa uku ba tikiti, motoci jere a bakin ruwa, wata mata ta rasa jana'izar yayanta. Shugabarmu Gitte ta ce laifin tsarina ne, zuwa Litinin in kawo bayani. Na bi sawu, sai na ga Preben ne. Ashe har yanzu yana saki da hannu a ɓoye, ta tsohuwar hanyar da ban rufe ba. Saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya. In na faɗa, na tozarta shi. In na yi shiru, za a rushe aikina, ƙila ni ma in bi. Jiya ya zuba mini kofi, na kasa kallon idonsa. Ya zan yi?

Wadda Ta Rasa Madafa

Ƙanwata, ki nutsu. Preben ya yi kuskure, ɓoyewar ta fi kuskuren muni. Amma ke ma da naki: kin bar ƙofa biyu a buɗe, ba ki sa sakata ba. Tsarin da mutum ɗaya zai iya karo da shi bai kammalu ba.

Gobe ki rufe tsohuwar hanyar, ki sa kowane gyara ya bi layi, ɗaya ya gama kafin na biyu ya motsa. Sannan ki ja Preben ku taka zuwa bakin ruwa, ki nuna masa abin da kika gani. Ki tambaye shi me yake dubawa da hannu wanda tsarinki ba ya gani. Mai shekara goma sha shida a bakin aiki ba ya taurin kai a banza. Ƙila tsoron zama saniyar ware ne, ƙila kuma akwai ramin da shi kaɗai ya sani.

Kada ki yi wa Gitte ƙarya. Ki ba Preben zuwa Litinin da safe ya faɗi nasa da bakinsa, ke ki faɗi naki. In ya ƙi, ki kai bayanin yadda yake. Kin ba shi damar da matar nan da ta rasa jana'izar yayanta ba ta samu ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya bar ku tare.

Bodil