Linzamin Dauda

Hashimi, Suleja

Yaya Kande,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen Izom. Takarda na rubuto miki saboda in na kira ki a waya, wallahi zan faɗi abin da ba a faɗa wa yayar miji.

Don biki na kawo miki Dauda, na bar shi ya kwana biyu ya yi wasa da yara. Sai ga shi an dawo min da shi baki a kumbure, riga duk jini. Ashe wurin wanzami kika kai shi, aka danne shi aka yanke masa ƙarƙashin harshe, wai linzami ne ya hana shi magana! Wa ya aike ki?

Sau nawa zan gaya muku harshen yaron nan lafiyarsa ƙalau? Malama Priscilla, mai koya masa magana, ta yi min bayani: ya san kalmar sarai, saƙon ne ke rikicewa tsakanin ƙwaƙwalwa da leɓe. Shi ya sa take zaunar da shi gaban madubi, ta dafa masa haɓa da yatsa, su yi ta maimaitawa. Da haka ya iya "Mama", ya iya "ruwa". Har sun fara "tafi", tana tura masa motar roba.

Yanzu ko hannu aka ɗaga kusa da fuskarsa sai ya ƙwalla ihu ya shige ƙarƙashin tebur. "Mama" ɗin ma ya daina. In bai yarda an taɓa bakinsa ba, ta yaya za ta koya masa?

Ki huta lafiya.
Maman Dauda

Izom

Zainabu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma ji zafin da ke ciki. To ni ma ki saurara.

Kina can Suleja kina madubi, ni ce na ji yaran unguwa suna bin ɗan ƙanina da "bebe, bebe". Shekararsa biyar fa! Ya tsaya yana motsa baki, abu ya ƙi fita, hawaye na zuba. Dutse ce ni da zan zuba ido?

Ni na goyi Usmanu, uban nasa. Shi ma bakinsa ya yi nauyi, aka yanke masa, ga shi nan yau ba ya shiru. Kuma tunda kin tambayi wanda ya aike ni, mijinki ne. Shi ya ce a yi, kada dai a gaya miki.

Ki gaida min Dauda. Ki riƙa gasa masa wurin da ruwan ɗumi.
Yayarku, Kande

Hashimi, Suleja

Yaya Kande,

Bayan gaisuwa. Na tambayi ƙaninki, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Wai ya gaji da jira. Shi ne ya gaji! Ya taɓa zama gaban madubin nan ko sau ɗaya?

Baban Dauda jinkirin baki kawai ya yi, da ko ba aska zai yi magana. Na Dauda daban ne, amma kun ƙi ji.

Ciwon ya warke, tsoron ne bai warke ba. Malama Priscilla ta koma zama nesa da shi, hannuwanta a baya, tana motsa nata bakin yana kallo. Jiya ya ɗan buɗe leɓe, babu sauti. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode wa Allah.

Na ji kina shirin zuwa. Gidan ƙaninki ne, ba zan hana ki ba, amma ba za ki same ni ba.

Wassalam.
Maman Dauda

Izom

Zainabu,

Salamu alaikum. Na zo, kin fita kamar yadda kika ce. Doya na nan na ajiye a bayan ƙofa.

Dauda na tsakar gida da motarsa. Na miƙa masa hannu. Ya ja baya, ya dube ni, bakin nan ya yi ta kokawa, sannan ya ce, "Tafi." Tas, Zainabu, babu gargada. Usmanu ma ya ji.

Muryarsa nake ta son ji, na kuwa ji. Na ɗauki mayafina na tafi.

Ki gaida min malamar tasa.
Kande