Tsuntsayen da Kuka Gasa a Nansha

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a unguwar Xiaobei,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto a bainar jama'a ne saboda sau uku ina zuwa shagonka ana ce min ka tafi kasuwar Baima.

Ranka ya daɗe, ni ɗan Nguru ne, a bakin fadama na tashi. A shekarar nan ta Olamfik da biza ta yi wuya kasuwa ta tsaya, Allah ya haɗa ni da wani tsohon malamin makaranta ɗan ƙasar nan, Lao Chen. Duk Lahadi yakan ɗauke ni a motarsa zuwa bakin teku a Nansha. Sai mu tsuguna a gefen taɓo har ruwa ya janye, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suka gudo daga ƙasashen sanyi su sauko kiwo. Har madubin hangen nesansa ya ara min. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma duk masu kallon tsuntsu sun san shi: ba a nuna wa kowa wurin.

Na ɗaya, kai ka matsa min in kai ka. Ka ce hawan jini ya dame ka, iska kawai za ka sha, kuma za ka riƙe amana. Na kai ka.

Na biyu, mako bai zagayo ba ka koma da jama'arka da ragar kamun tsuntsaye da gawayi, wai kun gaji da kajin firiza, kuna marmarin yankan hannunku. Haba Alhaji! Ina tsokar take a jikin tsuntsun da ya ƙetaro teku?

Na uku, da muka je ni da Lao Chen, gashin tsuntsaye muka tarar da toka da ledar yajin ƙuli. Ya ɗaga ledar ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Laifina ne da na yarda da kai, amma kai ka ci amanata, kuma abin ya yi min ciwo. Tsuntsayen nan su ma fa baƙi ne kamar mu, abinci suka zo nema.

Roƙona, ka ƙone ragar nan, ka biyo ni ka ba tsohon nan haƙuri da bakinka. Jiya na kira shi in ji ko akwai wuri a mota, ya ce "meiyou", babu. Madubinsa na nan rataye a ɗakina, ko tambayarsa bai yi ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya shirye mu baki ɗaya.

Wassalam.

Ƙaninka,
Bukar mai yadi