Dawarmu Ce Ta Kashe Bijimin

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Ni ina nan Ikko, ana ta fama.

Saƙonka ya iso cewa bijimina ya mutu, kuma za ku kai Buba makiyayinmu na Kebbe gaban hakimi, wai guba ya ba shi. Shekara fuɗu ina dako a kara, kasuwar shanu, bijimin nan kaɗai nika sa rai da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Amma kai ka ce ranar da kunka ɗauko bijimin daga wurin Buba zuwa gida Tambuwal don turka, daro guda na dawa kunka aje mai. Na tambayi likitan dabbobi a nan. Ya ce a tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna farfasa sukarin abinci su sami ƙarfi, kuma da yake babu iska a ciki, tsami suke fitarwa, kamar yadda nono ke tsami a ƙwarya. Ciyawa a hankali take sakin sukari. Dawa mai yawa kuwa, ga dabbar da ba ta saba ba, sai tsamin ya ƙone tumbi ya shiga jini. Kumburin cikin da ka ce kun gani ke nan.

Na san ƙiba kunka so ya yi, ban riƙe ka ba. Amma kada a ɗora wa bawan Allah laifinmu. Ka hau mashin ka je ka ba shi haƙuri gaban mutanen da kunka zarge shi.

Inna ta sa ni a addu'a, na gaji. Ka gaida kowa, ka fara da Buba.

Yayanka,
Umaru