Balan-balan ɗin Baba Direba

Litinin, 3 ga Maris

An yi wa maigidana, Baban Auta, aikin hanji, an fito lafiya, alhamdulillahi. Tun daga ƙofar asibiti ake raba mutane. Masu tari da zazzaɓi su bi hagu, can ginin da ake killace masu wannan annoba ta numfashi. Mu da muka zo da ciwon ciki aka auna mana zafi a goshi, aka ce mu bi dama. Har tausayin 'yan hagu na ji. Na cusa takunkumina a jaka, tunda nan ɓangaren masu lafiya ne. Masu lafiya da ɗinki a ciki, wai.

Talata, 4 ga Maris

Abin ya ɗaure min kai. Duk gari gudun mai tari ake yi, a ɗakin nan kuwa tari dole ne. Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta ce wanda aka yanka wa ciki in bai yi tari ba, majina za ta kwanta masa a ƙirji. Sai mutum ya rungume filo a kan ɗinkinsa ya yi ta yi. Ta kuma raba musu balan-balan, a riƙa hurawa don huhu ya buɗe. Magidanta da gemunsu, kowa da balan-balan a baki! Baban Auta ya ƙi. Wai shi ba yaro ba ne, kuma ɗinkin yana ja.

Alhamis, 6 ga Maris

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, kowa Baba Direba yake ce masa. Shi ne gwanin ɗaki. In ya saki tari har taga sai ta amsa. Sista ta tsaya a kansa ta ce, "Kun ji yadda ake yi? Ku yi koyi da Baba." Shi kuwa ya ce ai tsohon inji sai da tari yake tashi. Muka yi ta dariya.

Na ja kujerar maigida har bakin gadonsa, na ce Baba, a taimaka a koya wa ragon nan. Kunya ta sa ya yi. Na ji daɗi sosai.

Juma'a, 7 ga Maris

Baba ya ji ina waya da Auta, tana kuka don ba a barin yara su shigo. Ya zaɓi jan balan-balan ya hura, yana yi yana hutawa, ya ɗaure bakin da zare. "'Yata, kai wa jikata. Ki ce in ji kakanta na asibiti." Ƙanwata da ke kula da ita ta ce rungume da shi ta yi barci.

Asabar, 8 ga Maris

Jikin Baba da zafi. Likita ya ce wurin aikin ne yake son yin ruwa, an canza magani.

Litinin, 10 ga Maris

Zafin bai sauka ba. Yau kuma an ce ko zazzaɓin cizon sauro ne. Ɗansa ya tambaya ko za a yi masa gwajin hancin nan na annobar. Likita, a gajiye, ya ce kayan gwajin ko 'yan hagu ba su isa ba, Baba kuma ta dama ya shigo, tarin ma ai su suka sa shi. Na gyaɗa kai, don maganar ta shige ni. Baba ya daina hurawa. Sista tana yi masa tsiya wai gwani ya yi sanyi, ya yi murmushi.

Laraba, 12 ga Maris

Na iso da safe na tarar ko katifa babu a gadon Baba. An kai shi hagu. Ashe jiya da numfashinsa ya yi sama aka yi gwajin, ya nuna annobar ce.

Tun yaushe? Wani ya ce da ita ya zo. Wani ya ce a nan ya ɗauka. A wurin wa? An rufe ɗakin, an kori masu jinya. Sista ta wuce ni da takunkumi biyu a fuska, idonta ja, ba ta ɗago ba.

Ta taga na hango Baban Auta rungume da filo yana tari. Jiya da ya yi irinsa tafa masa na yi. Yau ban san wane iri ba ne, na Sista ko na Baba. Ga kunne duk ɗaya ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Balan-balan! Sai yau ya faɗo min. Na same shi a gida, a ƙarƙashin gado, ba zare. Ƙanwata ta ce ai tun kwanaki ya sace, Auta ta kwance zaren da haƙori ta sake hura shi da kanta, tana ta murna wai ta iya.

Na kira asibiti. Wadda ta ɗauka ta ce cutar ba ta daɗewa a jikin roba. Na sake kira, wani ya ce ba a tabbatar ba, mu dai zauna a gida in lura da ita. Na ce in lura da me? Ya ce tari.

Asabar, 15 ga Maris

Baba Direba ya rasu. Allah ya jiƙansa. Na so in ji haushinsa, na kasa.

Baban Auta ma ya kamu, amma yana cin abinci, har faɗa ya yi min a waya. An zo an yi mana gwaji ni da Auta, sakamako shiru. Na ƙulle balan-balan ɗin a leda na jefar. Ta yi kuka har ta gaji, wai na kakanta ne. Ni kuwa tsoro ya hana ni cin komai.

Lahadi, 16 ga Maris

Auta tana shan ruwa ta yi tari. Ƙwarewa ce. Na san ƙwarewa ce, haka take in tana sauri. Ta juyo min baya in bubbuga mata kamar kullum.

Sai ganin kaina na yi a bakin ƙofa, na guje mata. Ban san yadda aka yi na kai can ba.

Na dawo na bubbuga mata. Ai na dawo, ban ma daɗe ba.

Ta ce, "Umma, ina kika je?"

Na ce takalma na gyara.