Masussuka Ce, Ba Tsakar Gida Ba

Sabon Birni,
12 ga Oktoba.

Zuwa ga Baffana Jibrilla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Inna Habi da yara can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke ɗan taɓa shi. Gero ya yi kyau bana, an gama yanka.

Baffa, Alhaji Wada, wanda ya sayi kangon da ke gabas da mu, yana ta da bene. Ginin ya riga ya wuce katangarmu, kuma wai saura hawa ɗaya. Yanzu rana ba ta sauka bayan gidanmu sai kusan azahar, iska ma ta ɗauke. Ka san tun da daɗewa sussuka a gona ta gagara, nan muke shanya da sussuka da sheƙe, mu da gidaje huɗu. Waken da Inna ta shanya makon jiya fumfuna ya yi.

Baba ya kai kuka ga mai unguwa, aka ba shi haƙuri. Ya je ofishin filaye, suka ce za su duba izinin ginin, har yau shiru. Sai ya iske Malam Ubaidullahi, wanda ya daɗe yana aikin kotu, ya ce mishi an tare hasken tsakar gidanshi. Malam ya ce in tsakar gida ce, da wuya alƙali ya tsai da gini don rana ko iska, masussuka kaɗai littattafan shari'a suka keɓe. Baba ya dawo ya ce ya bar wa Allah.

Ni ke rubuta mishi takardar ƙara, kuma ka san ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Amma ranar, kaina a ƙasa, na ce mishi kuskuren namu ne. Mu ne muka koma kiran wurin tsakar gida bayan an zagaye shi da katanga. Kaka kuwa har ta rasu masussuka take cewa. Na yaga takardar, na sake wata da sunan wurin na gaskiya. Baba ya yarda, muka kai ta kotu.

Alhaji ya aiko wai 'yar makaranta ta koma ga littafinta. Na ji, ban kuma fasa ba. Malam ya ce abin da ya rage shi ne shaidar cewa wurin ya girmi ginin, kuma kai ka daɓe shi da hannunka. An sa zama ranar ashirin da takwas ga wata. Don Allah ka zo ka faɗa da bakinka. Za ni shiga kotun tare da Baba. Mutane na ta cewa mu kai damman geronmu wani wuri, mun ƙi. Suna nan jingine a zaure, kuma nan za a sussuke su in sha Allahu.

Baba da Inna na gaishe ka. Ka gai da Inna Habi da Surayya da Hafizullahi.

Ɗiyarka mai jiran zuwanka,
Sadiƙa