Allon da Ba Shi da Fuska

Dungas, ranar Talata

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Agadas, yaya Zuwaira da yara? Ciwon bayan nan ya sake ka? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Aikin zanen littafin 'yan lakwal, yaran makaranta, da na nema, sun kira ni Magarya ranar Alhamis. Darakta ya aza na'ura uku a kan tebur, ya ce, "Malama Rabi, ɗauki ɗaya aro. Hoto goma sha biyu, kwana goma. In kin kasa, akwai mai jira."

Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko babban gilashi ce, kana zana a kai kana gani, amma sai da kuran, ka kuwa san wutarmu. Ta biyu ta shafawa da yatsa ce, ya ce zanenta ba ya fita sosai a bugu. Ta uku baƙin allo ne marar fuska, hannu yana ƙasa, ido yana kan ordinatar, wato kwamfuta. Shi na ɗauka, tunda tsohuwar ordinatar ɗinka tana cika da sola.

Yaya, kwana huɗu hannuna ya ƙi ni. Na zana jaki, Inna ta ce kare ne. Na shiga ɗaki na yi kuka. Sai yau da hantsi na sake zana shi, Inna ta leƙo, ta ce, "Wannan kam jakin Malam Idi ne!"

Hoto ɗaya ke nan, kwana biyar suka rage.

Ka gaishe mini da kowa. Don Allah ka roƙa mini Allah ya haɗa kan hannuna da idona.

Ƙanwarka,
Rabi